Ramin da Habibu Ya Hana a Hura wa Wuta

"Wallahi yau sai ka fitar da shi daga gidan nan, Malam. Sauran na haƙura da su. Wannan kam ban haƙura ba."

Muryar Layla ce, matar maƙwabci, ta tsallako katanga. Hajara na tsugune a gindin katangar tana ɓarar gyaɗar da za ta soya ta kai bakin Kasuwar Libiya in rana ta yi sanyi. Tun hantsi aka ɗauke wuta a Umbadda, unguwarsu ta gefen Umdurman kusa da Khartum, babu rediyo babu fanka, ga katangar ta jar ƙasa ce, damina ta riga ta lashe rabin kaurinta. Ko tari aka yi a can, daga nan ake cewa sannu.

"Rage murya," in ji mijin. Habibu Sa'ati ke nan, mai gyaran agogo, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya a unguwar ba, abin da ya sa ma wasu ke shakkarsa.

"Ba zan rage ba! Yaushe rabona da in zauna a kan ramin hayaƙin ƙamshi a gidana? Sai in naɗe bargo in tafi gidan yayata kamar wadda ba ta da rami, mata na bi na da ido. Na ce to, dukiya ce, a rufa asiri. Yanzu kuma ka ɗauko na mutumin da matarsa ke gaishe ni kullum safiya, ka cusa mini a rami? In ta ce Layla kin tashi lafiya, in ce mata me?"

"Ki ce lafiya lau."

"Kai dai ba ka tsoron Allah, ya rajil, kai mutumin nan."

"Ina tsoronsa. Ina kuma tsoron bakinki. Shiga ɗaki."

Aka ja ƙofar langa-langa, gidan ya yi tsit. Hajara ta dubi hannunta, ta ga ta murƙushe gyaɗar da ɓawonta duka. Matan da ke gaishe da Layla da safe suna da yawa. Amma wadda mijinta ke da abin da Habibu zai ɓoye a rami, ita kaɗai ce a layin.

Fiye da shekara ke nan da aka tafi da mijinta Tahir. Makaniken injin saƙa ne a wata masaƙa a Bahri, yana kuma cikin masu magana da yawun ma'aikata kafin sojoji su hau mulki su rushe ƙungiyoyi. Da safe mutanen tsaro suka zo, yana ɗaura igiyar takalmi, cikin farar a-kori-kura marar lamba. Suka ce tambaya ce kawai, yanzu zai dawo. Ba su tsaya tambayar kowa gidan ba, kai tsaye suka ja birki a ƙofar, a unguwar da mai kawo ruwa a jaki ma yakan rikice. Hajara ta bi ofisoshi har silifas ya tsinke mata. Duk inda ta je sai a ce babu mai wannan suna. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ita da 'yarta Nana da surukarta Gogo suka koma cin abin da gyaɗa ta kawo.

Da agogonsa a hannu aka tafi da shi. Tsohon Rolex ne na farin ƙarfe, baƙar fuskarsa ta koɗe ta koma kalar gahawa, duk jikinsa ƙuje-ƙuje. Mahaifin Tahir ya yi wa wani ɗan kasuwa Bagirike direba, ranar da mutumin zai bar ƙasar ya kwance ya ba shi. Hajara ba ta taɓa ganin kyansa ba. Habibu kuwa duk Sallah in sun gaisa da Tahir, sai ya riƙe hannun ya ƙi saki, har Tahir ya yi dariya ya ce, "Malam, ni kake gaisarwa ko shi?" Ya taya ya sake tayawa, Tahir na cewa na gado ne. Kuma safiyar da aka tura Tahir cikin motar, Habibu na tsaye a ƙofar gidansa da asuwaki a baki. Sai yau Hajara ta tuna cewa ba fuskar Tahir yake kallo ba.

Shi Habibun nan, kowa a Umbadda da irin labarin da yake bayarwa a kansa, amma tushen ɗaya ne. A Jazira aka haife shi, a kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadagon auduga da ake jerawa a bakin magudanar ruwa. Mahaifinsa Gwadabe ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a gonakin auduga, ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya wuce. A nan aka binne shi. Ɗan kambo ba ya da gona, ba ya da ko ƙasar da bukkarsa ke kai. Habibu na saurayi aka zo faɗaɗa magudanar, aka ce su kwashe kafin rana ta faɗi. Duk abin da Gwadabe ya tara dawa ce a ramin ajiya da 'yan awaki. Awakin suka watse, dawar kuwa motar haƙa ta bi ta kanta suna kallo. Wasu yaran kuka suka yi. Habibu tsayawa ya yi yana kallon jami'in da ya zo sa ido a kan aikin, yadda yake juya hannu yana duba lokaci, ya kuma lura cewa abin da ke tsintsiyar hannun mutumin ya fi ƙarfin duk abin da aka binne, kuma in an tashi zai shiga mota da abinsa.

Ya sauko Umdurman ya yi dako, ya yi sharar shaguna, har ya maƙale wa wani tsohon Kibɗawi mai teburin gyaran agogo a layin maƙeran zinariya. Tsohon bai koya masa komai da baki ba. Habibu ya koya da ido, yana shara yana leƙe. Da hannun tsohon ya fara rawa, sai ya miƙa masa gilashin ido ɗaya ya koma gefe yana shan shayi. Da ya mutu, teburin ya zama na Habibu tun da babu wanda ya zo nema.

Ya taɓa zuwa neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. A ƙasar aka haife shi, a ƙasar aka haifi uwarsa, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Jami'in ya dube shi ya ce Fallata ne, wato jinin baƙin da suka zo daga yamma, ya je ya kawo dattawan da za su rantse sun san kakansa a nan. Habibu ya ce to, ya fita, bai sake komawa ba. Shi ya sa gidan Umbadda da sunan wan Layla aka rubuta shi, shi ya sa kuma bai taɓa taka ƙofar banki ba. A da dariya ake yi masa a kan haka.

Da sojoji suka zo dariyar ta tsaya. Aka haramta riƙe dala, har aka rataye mutane a kanta. Aka canza kuɗi, mutane suka kai nasu banki, suka wuni a layi ba su iya fitar da abin da suka zuba ba. Fam ya dinga zubewa, abin da ya sayi tunkiya bara bana kaza yake saya. Zinariya kowa ya san inda take, a wuyan mata da hannuwansu. Agogo kuwa babu dokar da ta ambace shi. Mutum na iya ɗaura kuɗin gida guda a hannu ya wuce shingen bincike, soja ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya gaya masa.

A shekarun ne aka yi ta korar mutane daga aiki da sunan maslahar jama'a. Alƙalai, likitoci, hafsoshi, malaman jami'a, duk sai ga su a layin maƙeran zinariya da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna ofis, suna wucewa gaban teburin Habibu suna dawowa kafin su iya tsayawa. Shi kuwa ba ya kiran kowa. Kafin ya dubi fuskarka ya dubi hannunka. In ka kwance ka miƙa, sai ya kara a kunne ya lumshe ido, ya buɗe bayansa, ya rufe, ya mayar maka ba tare da ya ce uffan ba. Kai da kanka za ka fara rage abin da ka zo da shi a rai. Sababbin masu mulki ma suna zuwa, da ɗan gemu da safari da jaka a hannu, suna neman mai ƙyalli. Su yake sayar wa Rado masu walƙiya da masu ruwan zinariya. Tsofaffin na farin ƙarfe, su Rolex da Omega da suka sha rana da gumi, ba sa komawa cikin gilashin teburin. Akwai wani dillali Basiriye a Jidda da ke aiko masa da saƙon baki ta hannun masu zuwa Umra: ga irin da Turawa ke nema bana, kada a goge, kada a canza fuska, tabon ma kuɗi ne. Lokaci-lokaci Habibu kan ɗaura wa wani alhaji ɗaya a hannu ya kai. Sauran yana riƙe da su, don duk shekara saƙon da ke zuwa ɗaya ne: sun ƙara tashi.

Shi kansa ba ya ɗaura agogo. Kiran salla yake bi. Abincin ranarsa burodi ne da aka jiƙa a ruwan wake, jallabiyarsa guda biyu. Masu kwashe 'yan tebur sun sha share layin, a jefa kayan mutane a mota, amma nasa teburin ba a taɓa ɗagawa ba. A nan maganar ta rabu. Wasu suka ce gyara yake yi wa manya kyauta. Wasu suka ce ai wanda korarru ke zuwa wurinsa da hawaye, su zauna su zagi gwamnati yana kara agogo a kunne, ba agogon kaɗai yake saurare ba.

Washegari Hajara ta bar wa Nana tiren gyaɗa, ta hau mota zuwa Kasuwar Umdurman. Ta tsaya a bayan wani ginshiƙi kusa da masu sayar da turare, inda take hango teburin. Wani mai safari na zaune a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, suna shan gahawa da Habibu. Mutumin na ba da labari yana dukan cinya, Habibu na murmushi da gilashin a ido. Ba ta taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Da mai safarin ya tashi, ta ƙarasa.

"Uwar Nana," in ji shi, bai ɗago sosai ba. "Lafiya a kasuwarmu? Ya jikin Gogo?"

"Da sauƙi. Wucewa nake yi, na ce bari in tambaya. In mutum na da agogo zai sayar, yaya ake yi, Malam?"

"Ba ki da agogo."

"Ya aka yi ka sani?"

Ɗan tsinken da ke hannunsa ya tsaya. Bai daɗe ba, amma ta gani.

"Hannunki nake gani," ya ce. "A kawo miki shayi?"

"Na ƙoshi. Wancan da ya tashi, abokinka ne?"

"Mai ciniki ne."

"Ya yi kama da waɗanda suka zo gidanmu."

"Duk kamarsu ɗaya, Uwar Nana. Tela ɗaya ke yi musu ɗinki." Ya mayar da kai kan aikinsa. "Ki gaishe da gida."

A mota tana ta juya maganar. In shi ya nuna ƙofar, to agogon ladansa ne. In ladansa ne, an kwance shi ne daga hannun wanda ba zai ƙara tambayarsa ba. Ta kai nan sai ta koma farko, ta sake biyowa, ta sake isowa wuri ɗaya.

Ranar Juma'a da safe Jibrin, wan Tahir, ya zo daga Kalakla. Bai ko taɓa shayin da aka kawo masa ba. Ya ce wani da aka sako kwanan baya ya ji daga bakin wani cewa Tahir bai kai damina ba. Ya ce mutane sun fara magana, an bar mamaci babu sadaka babu addu'a kamar ba shi da dangi.

"Bayan Babbar Sallah za mu shimfiɗa tabarmi," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ke kuma, Hajara, sai ki shiga takaba. Haƙuri za a yi."

"Yaya, wanda ya ji daga bakin wani, shi wanin ya gani da idonsa?"

"Wa ke gani da ido a zamanin nan?"

Gogo ta juya fuska ga bango, carbinta na tafiya. Hajara ta san tsohuwar ba za ta ce a yi ba, ba za ta ce a bari ba, ita za a bar wa. In ta sa farin takaba alhali yana numfashi a wani wuri, ita ta binne shi da hannunta. In ta ƙi alhali ya daɗe a ƙasa, ita ta tare masa addu'a. Sallar kuwa ta matso, har an fara kawo raguna bakin kasuwa.

Jibrin na fita ta shiga ɗaki ta jawo bargon da ta ninke tun ranar da aka tafi da Tahir. Ta ciro ragowar itacen ɗalha mai ƙamshi daga ƙarƙashin gado. Ta jira aka sauko daga masallaci, ta ji tarin Habibu ta katanga, ta ji ƙarar gadon igiya da ya kwanta a kai a rumfa. Sannan ta hura gawayi a kasko har ya yi ja, ta yafa bargon a kafaɗa, ta fita ta tura ƙofar maƙwabta.

Layla na wanke kwanuka. Da ta ga bargo da itace da garwashi, sai kwanon ya suɓuce mata.

"Na zo aron raminki," in ji Hajara. "Nawa ya rufta."

"Hayaƙi? Ke? Hajara, mijinki fa..."

"Mijina me? Kin ji wani abu a kansa ne?"

Layla ta sunkuya ta ɗauki kwanon da ya faɗi. A ƙasar nan kowace matar aure na da raminta a lungun gida, tukunya ce binne a ƙasa, a zuba garwashi da ɗalha, ta zauna a kan tabarma mai huda ta lulluɓa da bargo har ƙamshin ya kama fata. Namiji baƙo ba ya zuwa kusa da wurin, ko masu bincike sukan kau da kai su wuce. Kuma mace ba ta hawa hayaƙi sai mijinta na gida ko yana hanya. Duk unguwar za ta ji ƙamshin, duk unguwar za ta san abin da yake nufi.

"Wataƙila yana hanya," in ji Hajara. "Ko ke kin san ba ya hanya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zagaya bayan madafa, ta ɗaga tabarmar da ƙafa. Bakin ramin fes yake, babu baƙin hayaƙi, babu ƙamshi, an rufe shi da tsohon faranti an barbaɗa yashi a kai. Ta ture farantin. Ta karkata kaskon.

Babu wanda ya taɓa ganin Habibu Sa'ati na gudu. Ranar ya yi, babu takalmi babu hula. Ya cafke kaskon da tafin hannu ya watsar gefe, garwashi ya tarwatse a tsakar gida, kaji suka yi ta kansu. Ya tsaya tsakaninta da ramin yana haki.

"Don girman Allah, Uwar Nana."

"Fito da shi."

Ya dube ta, ya dubi Layla, ya dubi katanga. "Sa sakata," ya ce wa matarsa. Ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo babban gwangwanin madara. A ciki ƙulle-ƙullen tsumma ne, kowanne da zarensa. Bai yi lalube ba, ya san wanda zai ɗauko. Ya kwance a kan gwiwarsa, sai ga fuskar nan kalar gahawa. Agogon a tsaye yake, irinsa motsin hannu ke tafiyar da shi.

Hajara ta yi zaton za ta yi ihu. Muryar da ta fito ƙarama ce.

"Kai ka nuna musu ƙofarmu."

"Ni? Ƙofarku na jikin tawa. Kina ganin mai wannan gwangwani zai so motar nan ta san layin nan?"

"Ka so agogon."

"Na so shi, har gobe ina sonsa. Amma in suka kama mutum, su ke cinye abin hannunsa, ba sa aiko wa maƙwabci." Ya miƙo mata maɗaurin, bai saki kan agogon ba. "Bar fuskar, nan za ki duba. Ni na sa masa fatar nan da hannuna lokacin da maɗaurin ƙarfen ya karye. Ga hudojin da na yi, a jere, sumul. Ga inda yake ɗaurawa a da. To waɗannan na gaba fa?"

Ta sunkuya. Bayan huda ta ƙarshe akwai wasu, a karkace, bakinsu a yage.

"Da ƙusa aka yi su," ya ce. "Ba rana ɗaya ba. Wannan ta tsufa, wannan ta fi ta sabunta. Wanda ya yi su ramewa yake yi a hankali, kuma yana da ƙarfin da zai nemi ƙusa."

"Ko kai ka huda jiya da ka gan ni a kasuwa."

"Dubi lanƙwasar fatar a wurin. Dubi baƙin gumi. Wannan aikin watanni ne."

"Ko wani siriri ne ya ƙwace ya ɗaura."

"Ko haka," in ji Habibu. Rashin musun nan ya fi ba ta tsoro.

Sai ya zauna a ƙasa ya faɗi sauran, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana hura tafin hannunsa da ya fara tashi. Wani gandiroba ne ya kawo shi, daga wani kurkuku can yamma mai nisa inda aka kwashe wasu aka kai. Ya zo hutu Khartum, aka kwatanta masa teburin. Ya ce mai agogon ne ya ba shi da kansa, don ya shigo masa da magani, ya kuma biya Umbadda ya gaya wa iyalinsa yana nan. Maganin ya kai. Umbadda kuwa ya ce wa zai je ya ja wa kansa. Habibu ya gane agogon tun yana cikin aljihun mutumin, daga maɗaurin da ya leƙo. Ya yi kamar bai damu ba, ya sa aka kawo gahawa, ya dinga jan sa da hira.

"Ya ce dogo ne, mai wushirya. Shi ke gyara musu injin ruwa in ya tsaya. Ba ya cin adas, ƙananan waken nan, ko yunwa za ta kashe shi, musanyawa yake yi da shayi."

Hajara ta zauna a kan bargon. Sau nawa suka yi faɗa da Tahir a kan miyar adas? Sai kuma wani tunani ya biyo baya, mai sanyi: duk faɗan a tsakar gida suka yi shi, kuma katangar nan ba gefe ɗaya take kai magana ba. Ta ɗago ta dubi Habibu. Fuskarsa ce ta kasuwa, ba a karanta komai a kanta. Ta sake duban hudojin. Ta kai fatar hancinta, shi kuma ya biyo ta da hannu don kada ya saki. Gumi ne, da tsatsa, da wani abu kamar man inji. Ta rufe ido ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ta riga ta san abin da za ta gaya wa Jibrin: babu tabarmar da za a shimfiɗa, babu farin da za ta sa.

"Yaushe gandiroban ya zo?"

Habibu ya koma hura tafinsa. Layla ce ta amsa daga bakin madafa, tana kuka. "Tun azumi. Ni ma sai shekaranjiya na gani."

"Tun azumi," in ji Hajara. "Kana jin Gogo na kuka ta katanga. Kana amsa gaisuwata."

"Da na gaya miki, da gari na wayewa kina ofishinsu kina cewa mijina na wuri kaza, a ba ni izinin ziyara. Su ce wa ya gaya miki? Ki ce Habibu. Su ce shi ina ya sani?" Bai ƙarasa ba, idonsa ya sauka a kan gwangwanin.

Ta bi idon nasa. Nan ta fahimci yadda aka yi. Ya ɗora ta a gefe ɗaya, ita da tsohuwa da yarinya, ya ɗora gwangwanin a ɗaya gefen, ya duba, ya mayar da farantin ya barbaɗa yashi. Ba ƙiyayya ba ce. Da ƙiyayya ce ma da ta san yadda za ta yi da ita.

"Ba ni shi," ta ce. "In kai wa uwarsa ta riƙe."

Ya janye agogon a hankali, kamar mai zare abu daga hannun jariri. Ya shimfiɗa tsumman a gwiwa, ya fara naɗewa da yatsun da suka ƙone, yana cije leɓe.

"Saya na yi, Uwar Nana."

"Malam!" in ji Layla. "Ka ji kunya mana!"

Habibu ya ƙarasa naɗin. Ya ɗaure zaren, ya mayar cikin gwangwani, ya danna murfin da gwiwar hannu.

Hajara ta tashi ta kakkaɓe bargonta. Itacen ɗalhar ta bar shi a inda ya zube. Layla ta zare mata sakata ba tare da ta iya kallon idonta ba. Har ta sa ƙafa a waje sai ta ji takunsa a bayanta. Ya leƙa layin dama da hagu, babu kowa sai awaki a inuwa. Ya riƙe ƙofar da kafaɗa, ƙonannen hannun a ƙirji.

"Mutumin zai dawo bayan Sallah," ya ce. "Ya ce akwai wani likita a ɗakinsu mai agogon zinariya. In kina da saƙo ki kawo mini, da baki, ban da takarda. Amma ki yi addu'a na likitan nan ya zama na asali. In jabu ne ba zan saya ba, shi kuma ba zai sake zuwa ba."